Turai a Shagon Levi

Zuwa ga hasken idona, ruwan sanyina a tsakiyar bazara, inuwar mangwarona, Jibrilla ɗan Turai!

Gaisuwa mai yawa daga Nassarawo, unguwar da ka bari da takalmi ƙafa ɗaya ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watsu cikin duwatsu. Mu dai mun dawo, mun share toka, mun sa sababbin ƙofofi. Kai kuwa shiru, sai ga hotonka a waya, wai ka tsallaka teku.

Wayyo masoyina, ka ga kyau! Ga ka tsaye cikin kwat, hannu a aljihu, a tashar ɗan taragon nan mai bin titi. Bayanka lambun shaƙatawa kore shar, ga mutum-mutumin wani ƙaton Bature ya ɗaga guduma, can nesa masana'antu suna ta tura hayaƙi sama. Na duba, na sake dubawa, har hawaye ya zubo min. Wace mace ce a Mubi aka taɓa yi wa irin wannan gata?

Sai dai, sanyin zuciyata, akwai abin da ya ɗaure min kai. Yaya aka yi taragonku na Turai bai motsa ba tun bara waccan? Ka manta ranar sallar da ka kai ni shagon Levi mai hoto, nan bakin kasuwa, muka tsaya gaban wannan labulen? Kai ka ce in dafa kafaɗarka kamar muna jiran jirgi, ni kuma kunya ta hana ni, Levi yana ta cewa mu yi murmushi. Ka ja da baya, ƙafarka ta harɗe gefen labulen, ya yage daidai gwiwar Baturen. Da kekena na ɗinke shi washegari, da jan zare, don baƙin ya ƙare min. Ga jan zaren nan a hotonka, kusa da gwiwar hannunka. Kowa ya san Levi ya naɗe labulensa ya gudu Jimeta, can ya buɗe shago. Ashe Turan taka motar Yola ce ke zuwa!

Na san abin da ke cinka. An ƙone maka shagon yadi, kana jin nauyin dawowa hannu biyu, ba ko sisi. To wa ya dawo da hannu uku? Liman ma a keken aro yake yawo. Ni shagonka na ce ina so, ko kai? Wallahi ranar da na gane labulen na yi dariya har cikina ya ƙulle, daga baya na shiga ɗaki na yi kuka, don ina kewarka kamar in mutu.

Yanzu ga abin da ƙaryarka ta haifar. Kawu Hammanjoda, wanda aurena ke hannunsa, ya ga hoton. Ya ce ba a ajiye mace don mutumin da ke bayan teku, bayan babbar salla zai mayar wa danginku kayan gaisuwarku. Kalma ɗaya zan faɗa maganar ta mutu, amma in na faɗa, da wane ido za ka sake ratsa kasuwar Mubi? Ba zan tona ka ba. Kai za ka zo da ƙafarka, ka durƙusa gaban Kawu, ka faɗa da bakinka.

Kuma ka sani, Dada mahaifiyarka ta sa an wanke mata hoton, ta rataye shi a ɗaka, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. An gaya mata ƙanƙara ke zuba a can, ta daina barci. Shekaranjiya ta zo da bargonta, wanda take rufa da shi, ta ce in yanka in ɗinka maka rigar sanyi. Na rasa bakin hana ta. Na yanka, Jibrilla, na ɗinka. Rigar tana nan a naɗe tana neman mai zuwa Turai, Dada kuma tana kwana da zane ɗaya.

Ka zo ka karɓa a hannunta.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Dijatu