Saƙarki a Bayan Maci Amana

Zuwa ga Rasmata, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasar Kudugu, inuwar mangwaron da nake mafarki a cikin gumin Abijan.

Damina huɗu ke nan rabona da gida, kuma ban taɓa jin biro ya yi min nauyi irin na yau ba. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, amma da wace fuska? Madi ɗan kawunki ya sauka daga jirgin ƙasa ranar Lahadi, bai ko ajiye jaka ba ya fara zuba min labari. Ya ce fim ɗin da na fito a ciki a matsayin Barnabe ya iso gidajen kallo na garinmu, kuma saƙarki ta sami suna a kasuwa. Wai mata kan tsaya gaban rumfarki suna zungurin juna: "Ke, zo ki ga rigar Barnabe. Saya wa mijinki mana, ya rage miki gudu a kan gada." Wata kuma ta ɗaga zane ta ce, "Nawa ne, 'yar uwa? Ko sai minista ya zo ya biya?" Ya ce tun azumi ba wanda ya saya, har masu bikin da suka ba ki aiki sun dawo da nasu. Da na tambaye shi me kika ce a kaina, sai ya ce kin dai ci gaba da jefa ƙoshiyar saƙarki. Wannan ya fi min zagi zafi.

Kin tuna ranar da kika auna kafaɗuna da tafin hannunki a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kina dariya wai faɗina ya fi hankalina? Kika saƙa min riga mai ratsi biyu na shuɗin baba, siririn ja guda a tsakani, tsarin da kika ƙirƙiro da kanki, babu mai irinsa daga Kudugu har Wagadugu. Kika miƙo min rigar ta tagar jirgi, ɗinkin wuyan ko gamawa ba a yi ba. Ya farin watana, wannan rigar na ɗauka na sa wa maci amana.

Ga yadda aka yi. Ni direban motar kayan masu fim ɗin ne, ba ɗan wasa ba. Wanda zai fito a Barnabe, direban shugaban ƙasa a cikin labarin, ya yi fushi kan kuɗi ya tafi. Ranar Juma'a ce, na dawo daga masallaci sanye da rigarki, sai Kwadiyo mai shirya fim ɗin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan arewa, ka iya yin shiru?" Na ce shi kaɗai na iya. Mai kula da tufafi ta kawo farin kaki, ya ce a'a, a bar ni da wadda ke jikina. Wallahi daɗi na ji. Na ce duniya za ta ga hannun Rasmata. Na manta garin da na fito, inda ba a barin zane ya kwana babu suna, kuma sunan da ya manne ba ya fita ko da sabulu. Ɗan Kudugu ne ni, ya kamata in sani. Kwadiyo bai sani ba, ba kuwa zan ɗora masa ba.

Na so in ce miki fim ɗin banza ne, ko na sami abin huce haushi. Ba zan iya ba, domin ya yi kyau. Babu ihu, babu motoci masu tashi sama. Manyan da ke ƙulla kashe shugaban a ɗakin girki suke zama, suna ɓare gyaɗa, suna gardamar wa zai riƙe gidan rediyo, kamar masu rabon naman watanda. Barnabe kuwa ba a ce ya ɗauki bindiga ba. 'Yarsa na kwance asibiti, wani minista daga cikin maƙullan ya biya magani, abin da ake so kawai ya rage gudu a kan gada. Da safiyar ranar shugaban ya shigo mota, ya tambayi jikin yarinyar da sunanta, ya ɓare lemo ya miƙo masa rabi. Daga nan har gada ba a sake nuna fuskata ba. Daga kujerar baya aka ɗauka, sai ƙeyata da bayana, gumi na tsattsafowa yana cin ratsin baba, yana matsowa wajen jan. Na kalla a nan cikin mutane, na ji wata tsohuwa a gabana tana cewa a hankali, "Taka mai, ɗana, taka mai." Duk tsawon wannan tafiya saƙarki ce ta cika bango. Ita ta yi wasan, ba ni ba.

Su Kwadiyo sun tafi bukukuwan fina-finai suna karɓar tafi. Ni an sallame ni da abin da bai kai kuɗin hayar wata biyu ba, na koma ɗaukar fitilu da wayoyi. A tasha 'yan uwana direbobi kan ce, "Barnabe, yau wa za ka kai?" Ina dariya. Nawa mai sauƙi ne, ni na jawo. Ke fa me kika yi, ya kurciyata, ban da ƙaunar wawa?

Ba zan ce ki sake tsari ba, wannan naki ne, kin riga fim ɗin. Ba zan ce ki yafe yanzu ba. Roƙona ɗaya: kada ki ba wani manemi amsa kafin Babbar Salla. Zan sauka a jirgin jajibere, in zo rumfarki a gaban matan nan, in sayi zannuwan da suka kwanta a farashin da kika sa, ba ragi. In ɗinka wa kaina da ƙannena, mu ratsa kasuwa da su har masallacin idi. Su kira ni abin da suka ga dama, in dai a kunnena zai ƙare ba a naki ba. Ko zai wanke sunan? Ban sani ba, kuma na gaji da yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna. Abin da ke hannuna shi ne ban kalli wata ba tun da jirgi ya tashi da ni, ba kuma zan kalla ba har a auna min likkafani.

Ki faɗa wa Madi zannuwa nawa suka rage, in ga ko zan kai. Abin da na iya tarawa ke nan: sefa dubu ɗari da arba'in, ƙullin zaren baba shida, da kuɗin jirgi na zuwa kaɗai.

Naki har abada,
Tasere