Kada a Kashe Na'urar Nan

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya sa ƙafar nan ta daina damunka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na cin abinci, har ta koma bin ɗakuna tana kashe fitila da fanka tana faɗan ɓarnar wuta, ka san halinta. Sai dai ciwon kan bai sake ta ba, likita ya sa tiyatar mako mai zuwa.

Yaya, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Ka san a asibitinmu ake duba ta, kuma ni ke kula da manyan na'urorin da ke ajiye hotunan marasa lafiya. Likitan ya nemi tsofaffin hotunan ƙwaƙwalwar Inna don ya gwada da na yanzu, ya ga inda ƙarin da ya fito mata a ka ya nufa kafin ya sa wuƙa, sai suka ƙi buɗuwa. Na bi faya-fayan ajiya da ke cikin na'urar ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu kore shar, ba wanda ya mutu. Ashe tsarin ajiyar ne ya rikice daga ciki, ɓarnar kuma ta ci wurin da ake adana mabuɗin sirri, alhali komai a nan a kulle yake. Na gwada mabuɗin da muka ajiye a gefe, ashe tsoho ne. Mabuɗin da ke aiki yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar kaɗai, ba ya ciruwa, kuma yana nan ne muddin tana kunne. In ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, ko wanda ya ƙera ta ba zai buɗe ba.

Oganmu ya ce a kashe a kunna kawai, wai haka yake gyara wayarsa. Na ce masa wallahi in aka kashe, hotunan sun tafi ke nan. Da ƙyar ya yarda in kwashe komai zuwa sababbin faya-fayai tukuna, in yi gyaran a kansu. Kwashewar kuwa tafiyar hawainiya take, batiran da ke tare mu in wuta ta ɗauke sun tsufa, duk tarin da janareto ya yi sai in miƙe in duba fitilun. Na liƙe makunnin bango da salatif, ina zaune a gabansa cikin rigar sanyi kamar mai gadi.

Jiya da hantsi Inna ta fito daga wurin likita ta leƙo ni. Ta ga fitilu birjik da rana tsaka, hannunta ya nufi makunnin nan. Yaya, na cafke hannun, na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba, a gaban mutane. Ta dube ni ta fita, har yau ko gaisuwata ba ta amsawa. Ba zan iya faɗa mata abin da ke cikin na'urar ba, ta shiga tiyata da fargaba. Ina tsoro kuma ta shiga tana fushi da ni.

Don Allah ka kira ta ka ba ta haƙuri, maganarka take ji. Ka ce mata rashin kunya ce kawai irin tawa, kada ka faɗi dalili.

Ka gaida Anti da Kawu da 'yan biyu. Gwaggo na gaishe ku. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta