Soron da Ba Ya Neman Yaɓe

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, na zo miki da labarin gida, kuma ba mai daɗi ba ne.

Inna, an rushe soron kakanmu na Katagum. Ɗanki na fari, wanda ba kya kiran sunansa, shi ya turo katafila daga Azare. Ba ruwa ne ya ci soron ba, ba kuma gara ba. Cewa ya yi ginin ƙasa ya yi wa mutum irinsa kaɗan, manyan baƙi na zuwa. Da ya tsaya nan da na haƙura. Sai ya sa aka tayar da wani da bulo da siminti, aka shafa masa fenti mai launin jar ƙasa, wai an dawo da tarihi.

Da kin gani da kin riƙe baki. Zankwayen nan duk kansu ɗaya, kamar burodin kanti. Silin roba aka ja wa layi-layi, wai shi ne azara. Har indararo aka maƙala, alhali rufin kwano ne a ɓoye, ko ɗigon ruwa bai taɓa bi ta ciki ba. Da bazara ko akuya ba ta yarda ta kwanta a zauren. Amma Yaya sai ya tsaya a ƙofa cikin babbar riga a ɗauke shi hoto, ya rubuta cewa shi mai riƙon gadon iyaye ne. Na raina aikin nan, Inna, raini na gaske.

Kin tuna lokacin yaɓe? Kafin ruwan farko kowa sai ya zo, dangi na garin Yana da na Udubo, har waɗanda ba sa ga maciji da juna. Maza na taka ƙasa, mu muna ɗebo ruwa, ke kina dama fura a babbar ƙwarya. In cacar baki ta tashi sai ki ce, "Ku ƙyale su, kafin bango ya bushe sun shirya." Haka kuwa ake yi. Shi ya sa da kina jinya kika riƙe hannuna, kika ce kada in bari zuwan nan ya yanke.

Bana hadari na fara haɗuwa sai ga ƙaninki Kawu Buba daga Udubo, da buhun makuba a bayan mashin ɗin haya. Hoton aka nuna masa, ya ɗauka ƙasa ce, ya zo yi mata yaɓe. Mai gadin da Yaya ya ajiye bai san shi ba, ya ce ya matsa daga jikin bango kada ya ɓata fenti. Kawu ya ƙwanƙwasa ginin da sandarsa, ya daɗe a tsaye. Ruwa kawai ya sha a wurina. Ya ƙi kwana, ya ce in gaida masu gidan.

Na kira sauran dangi a waya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɗauka sai ya tambaye ni ko lafiya, ko rasuwa aka yi. Innata, na rasa me zan ce su zo yi. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya kuma sake tara min 'yan'uwanki a tsakar gida ɗaya, ba a kan tabarmar makoki ba. Amin.

'Yarki,
Hadiza