Furen ƙofar Alhaji Bukar

Daren Laraba, Kwaciri

Yau saura ƙiris in lalata ƙofar Alhaji Bukar. Injin sassaƙa na tsakiyar yanka furen da na zana, sai kwamfutar da ke sarrafa shi ta daskare, wuƙar ta tsaya cak a cikin katako. Katakon kuwa na tsohuwar ƙofar gidan mahaifinsa ne, daga Maiduguri ya taho da shi.

Na ɗauka matsalar daga manhajar take. Na kai ta wurin Madam Ngozi mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, ta buɗe bayanta ta kalle ni. "Malam Sani, wannan kwamfuta ce ko buhun garin katako? Fanka ta toshe, zafi ne ke kashe ta." Ta hure ta tas, ta ƙara mata ram, wato ma'ajiyar aikinta, don ta daina nauyi, ta ce in daina ajiye ta kusa da injin.

Da la'asar na ci gaba daga inda wuƙar ta tsaya. Furen ya fito lafiya. Alhaji ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Da Baba yana raye, da ya so wannan."