Ba Yayanku Ne Tsutsar Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, da hantsi, a kan bencin ƙofar ɗakin iri. Hankalina garau yake, ko da yake uwarku za ta ce ta daɗe tana shakkar hakan. Likita ya saurari ƙirjina ya ce zuciyar ta gaji, in rage aiki, in rage gishiri, in rage faɗa. Biyun farko na yi ƙoƙari. Ban tsorata ba, shekara saba'in da huɗu ba kwana biyu ba ce, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Gida da gona akwai masu ilimin rabo, su raba yadda Allah ya tsara, ban sa baki ba. Abin da zan lissafa kyauta ce tun ina da rai, sai 'yar nasiha, sai maganar yayanku, wanda shekara goma sha huɗu ke nan bai taka gonar kuɓewarmu ba. Saboda maganar tasa na ɗauki biro, sauran duk rakiya suka yi.

Na ɗaya. Auta, kai da kake riƙe da gonar yanzu, na ba ka famfon feshi da fartanyata mai baƙar ƙota. Famfon yana yoyo ta kafaɗar hagu, ka riƙa sa tsumma, kada ka ce ban faɗa maka ba. Amma ka sani feshi ba shi ne noma ba. Ka riƙa zaga kunyoyi da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Duk tohon da ka ga ya sunkuyar da kai kamar mai gaida surukai, ba ladabi ba ne, tsutsa ce a cikinsa. Ka yanke shi daga ƙasa kaɗan, ka tsaga, za ka same ta kwance ta ƙoshi. Ka haƙa rami ka binne, kada ka jefar a bakin kunya, don wannan canza mata ɗaki kawai ka yi. Haka duk ɗan kuɓewar da ka ga ya lanƙwashe, da 'yar huda mai baƙin kashi a bakinta. Na san kana ƙin ƙaiƙayin ganyen, ka sa riga mai dogon hannu ka daina yi wa uwarka raki.

Na biyu. Malama, 'yata, ke ce mai tsari a gidan nan, ke na ba gwangwanin iri. Irin gajeruwar kuɓewar nan ne mai kauri, daga hannun kakarku na karɓe shi. Kowace shekara ki zaɓi 'ya'yan da ba su da huda ko ɗaya, a bar su su bushe a jikin kara, ki zuba irin da 'yar toka ki rufe da kyau. Ki ba kowa daga cikin 'yan'uwanki in ya nema. Mijinki kuwa ki ba shi dafaffiya kawai, mutumin da ya taɓa tsayawa a gonar audugar maƙwabcinmu yana yaba mini kuɓewa.

Tunda na ambaci mai auduga: mun shekara shida muna gaisawa da hanci, ina cewa tsutsarsa ce ke tsallako mini, yana cewa tawa ce. Duk mun yi gaskiya, tsutsa ɗaya ce take cin gida biyu. Auta, ka je ka gaishe shi da sunana, ku yi shawara ku riƙa tuge tsofaffin karare ku ƙone a mako guda, don kada ta samu wurin fakewa. Idan ya tambaya ko na ce shi ke da gaskiya, ka ce ba ka ji wannan wurin da kyau ba.

Na uku. 'Yan layukan kuɓewa na bayan kicin na uwarku ne, kada wanda ya kafa mata turken akuya ko igiyar shanya a wurin. Ita da ruwan farko ya sauka take shuka, kullum kuma sai ta tsinka. Na shekara arba'in ina yi wa wannan gona tata dariya. Ku kula da ita, ku riƙa barinta ta ƙarasa magana, ni ban cika yi ba.

Na huɗu, kuma ku gyara zama. Bangon cikin ɗakin iri, wanda na cika da zanen gawayi, kada a shafe shi, kada a yi masa fenti. Na ba yayanku shi. Na san za ku yi dariya ku ce tsoho ya ba wani famfo, wani kuma bango. To ga dalili.

Shekarar da na faɗo daga tsani ina gyaran rufi, ƙafata ta karye, wata biyu ina kwance. Yayanku yana da shekara ashirin da uku, gonar duk ta koma hannunsa. Da ruwan farko ya sauka sosai, ya shigo ɗakina ƙafarsa duk taɓo, ya ce ƙasa ta jiƙu, gobe zai shuka. Na hana shi. A lokacin na yi imani, yadda na ji a bakin manya, cewa ruwa ne ke haifar da tsutsa, tunda danshi ke ruɓar da komai. Dabarata ita ce a jinkirta wata guda, yadda kuɓewa za ta yi fure bayan manyan ruwa sun wuce. Ya ce, "Baba, lokaci zai wuce mu." Na tambaye shi ko shi ya haife ni. Ya jira watan nan guda kamar yadda na ce.

Kuɓewa ta fito gwanin kyau. Tana fara fure ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, ga zufa ko a inuwa. Ranar tsinkar farko na dogara sanda na je, mata masu sari sun zo da kwandunansu. Rabin gonar ta sunkuyar da kai. Duk ɗan da aka ɓalle sai an ga huda. Masu sari suka fara naɗe ganwonsu za su tafi hannu wofi. Kunya ta kama ni, kuma ni kunyata faɗa take zama. Na juya kan yaron nan da ya yi wata uku yana fita tun asuba, na ce bai yi feshi ba, barci yake yi. Sannan na ce a gaban kowa, "Ba wata tsutsa a gonar nan sai kai."

Matan suka kwashe da dariya. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, sunan ya bi shi. Ya ajiye fartanya, ya tafi koyon tuƙi. Yau babban direba ne, amma a tasha in motarsa ta shigo, cewa ake Tsutsa ya iso. Jikokina ma 'ya'yan Tsutsa ake ce musu a layi. Yana dariya in an kira shi, don Allah ya yi shi mai haƙuri. Yana zuwa gaishe ni, ba ya zuwa hannu wofi. Amma da an tayar da zancen gona sai ya miƙe ya ce bari ya duba tayoyi. Ban taɓa ganin motar da ake duba wa tayoyi kamar tasa ba.

Bayan tafiyarsa na fara zanen bangon nan, kuma in faɗi gaskiya, don in nuna ni ke da gaskiya na fara. Ranar da aka yi ruwa in ja layi tsaye. Ranar zafin da ke hana mutum zama a ɗaki in yi gicciye. Ranar da na samu toho a sunkuye ko huda a ɗan kuɓewa in yi ɗigo. Ina jiran in ga ɗigo yana bin layi, in kira shi in nuna masa. Bango ya ƙi ba ni haɗin kai. Inda layuka suka yi yawa, ɗigo ɗai-ɗai ne. Inda ruwa ya ɗauke kamar kwana goma, gicciye ya jeru, bayan mako guda sai ɗigo ya cika wurin. Shekarar farko na ce kuskure ne. Ta biyu na ce gawayin ne ba shi da kyau. A ta shida na daina yi wa kaina ƙarya.

Ga abin da na gane, ku riƙe shi. Uwar tsutsar wata 'yar ƙwaro ce mai fiffike kore-kore, tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan toho da fure. Ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe ƙwan, yana hana ta yawo. Zafi kuwa, musamman mai haɗe da zufa bayan ruwa ya tsaya, shi ke sa ƙwan ƙyanƙyashewa da wuri, tsutsa ta shige ciki inda feshi ba ya kai mata. Saboda haka ku shuka da wuri, kuɓewa ta yi fure tana shan ruwa. Idan kun ga sama ta yi shiru rana ta buɗe, ku ninka zagaye, kada ku jira sai kun ga ɓarna. Na kai wa malamin gona wannan babban bincike nawa ina taƙama, ya ce haka yake a littafinsu, kafin shayinsa ya huce ya gama bayanin abin da ya ci mini shekara shida. A shekarar da na karye ma, kuɓewar bayan kicin ba ta yi huda ba sai ɗai-ɗai. Uwarku ta nuna mini, na ce sa'a ce.

To kun ga, da yayanku ya shuka ranar da ya so, da kwandunan nan sun cika. Ni na jinkirta shukar, ni na kai furen cikin zafi, sannan na ɗora masa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, alhali shi ba shi da ko ɗaya. Shekara takwas ke nan da sanin haka. Sau nawa ya zauna a kan bencin nan, bangon yana bayansa taku uku, in buɗe baki sai in tambaye shi yaya hanya. Wannan ya fi zagin kansa ci mini rai.

Na biyar. Sunan nan ni na laƙa, ni kuma na janye shi. Daga yau kada a sake kiransa da shi a gidan nan, ko da wasa. Auta, kai ka fi kowa kiransa da shi, daga yau "Yaya" za ka riƙa ce masa. Malama, ki faɗa wa yaranki. Na tasha da na layi ba ni da iko da bakinsu, amma duk wanda ya tambaye ku, ku gaya masa labarin yadda yake, kada ku rage komai don rufa mini asiri. Masu sarin nan biyu suna raye, ni zan gaya musu da bakina in sun zo.

Kai kuma babbana, ɗana na fari, da kai nake yanzu. Ka yi aikinka daidai, ka yi mini biyayya, na saka maka da zagi a gaban mutane. Ka yafe mini. Ban ce ka bar tuƙi ba, sana'arka ce kuma ka iya ta. Abu ɗaya nake roƙo: bana kai za ka faɗi ranar shuka. Auta ba zai sa iri ko ɗaya a ƙasa ba sai ka zo ka taka gonar, ka damƙi ƙasa a hannunka ka ce a shuka. Idan ka ce gobe, gobe ne, ni ba zan ce uffan ba, uwarku ce shaida.

Niyyata da farko in ba uwarku takardar nan ta ɓoye a ƙasan akwati sai bayan raina, ku karanta ina inda ba mai ganin kunyata. Da na karanta mata yanzu, sai ta dube ni ta ce, "Wato za ka sake jinkirta shuka ke nan." Don haka Malama, yau ɗin nan ki ɗauki hoton shafukan nan da wayarki ki tura masa duk inda yake.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya ba ku ruwa a kan lokaci, ya tsare muku amfanin gona, ya tsare bakinku daga irin abin da nawa ya yi. Ku riƙe juna, babba ya ji ƙan ƙarami, ƙarami ya ga girman babba, kuma kada wanda ya bar ɗan'uwansa ya kwana da maganar da kalma biyu za ta wanke. Ku riƙe uwarku da kyau.

Babbana, tun jiya gajimare yake haɗuwa ta gabas. Kada ka yi gudu a hanya, amma kada ka daɗe. Ina nan a kan benci, ina so in ji amsarka da kunnena.

Mahaifinku.