Tsohon Alfadari a Rediyo

Pecan Bluff, Mississippi
15 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Rayford,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a aikin bututun man nan naka, ya tsare ka daga sanyin Alaska, wanda har yau na kasa gane yadda ɗan Mississippi yake zama a cikinsa da ransa. Mu nan lafiya lau muke. Baba yana nan da ƙarfinsa da taurin kansa, gwiwa ce kawai take ɗan taɓa shi in hadari ya haɗo. Ya dasa tumatir, ya kuma shuka kuɓewa tun ƙasa ba ta gama ɗumi ba, duk da na ce ya jira. Ni kuma ɗinki ya yi mini yawa saboda bukukuwan kammala makaranta, amma ba na kuka, gara aiki da zaman banza.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Maganar ce ba ta waya ba. A waya dariya za ka yi ka katse ni tun ban kai ƙarshe ba, alhali ƙarshen ne ya shafe ka.

Ka san mako mai zuwa manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka za su zauna kwana uku su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i, kuma sunan Tavian, ɗan marigayiya yayarmu Lorene, yana cikin waɗanda ake sa rai. Ni shekara goma sha shida ina zuwa filin wasa, amma ba don na fahimci komai ba, sai don in ga ya tashi da ƙafarsa duk lokacin da ƙattin nan masu kwalkwali suka rufta masa. Bana ne na ce sai na gane yadda abin yake. Ashe yaro ba shi da ta cewa, duk ƙungiyar da ta kira sunansa can zai tattara ya tafi, ko da bangon duniya ne. Ashe kuma bi da bi suke zaɓa, zagaye bayan zagaye, waɗanda suka fi shan kashi bara su ne a gaba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne awon. Suna auna yaran nan kamar shanu a kasuwa, tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu da gudun yadi arba'in. Mai aiki irin na Tavian, wato tsayawa a gaba ya tare masu son kayar da mai jefa ƙwallo, wai sai hannunsa ya kai inci talatin da uku. In ya gaza da ƙiris, sai a fara taɓe baki.

Garin nan kuwa kowa ya zama masani. Dikin Purvis, dattijon cocinmu, ya tare ni a ƙofar coci ya ce in rubuta in ajiye, zagayen farko za a ɗauki yaron, wanda duk ya ce ba haka ba hassada ce ke cinsa. Mai gidan mai ya ce a'a, sai dai zagaye na biyar, wai shi ya buga ƙwallo a sakandare, ido ɗaya yake yi wa yaro ya san kimarsa. Na dubi tumbinsa na wuce abina. A kanti wata ta ce in ƙara masa abinci ya yi nauyi, ban kai wurin biya ba wata ta ce in rage masa burodin masara. Mutanen da ba su iya hawa matakala uku ba tare da haki ba, su ne ke cewa yaron ba shi da sauri. Da farko abin dariya yake ba ni, har nake tambayarsu a ina suka koyi wannan ilimi.

Dariyar ta tsaya ne a kan shirin Cleotis, wanda yake yi a ƙaramin gidan rediyonmu duk Juma'a da safe, inda mutane ke tura saƙo ta waya yana karantawa. Tun watan Janairu wani ya fito da sunan Tsohon Alfadari, kuma ba shi da aiki sai Tavian. Yau ya ce ƙafar yaron ta hagu barci take yi sai an tashe ta. Wani makon ya ce ya fi iya tare kwanon abinci a kan tare abokin gaba. Ya ce duk ƙungiyar da ta yi gaggawar ɗaukarsa za ta yi da-na-sani. Cleotis kuwa ya samu abin da yake so, yana karantawa yana ƙyalƙyala dariya, yana cewa jama'a ga Alfadari ya sake harbi. Har caca ake yi a shagon aski a kan ko wane ne.

Tavian yana can Jackson wurin atisaye, amma yana sauraro ta wayarsa. Da na kai masa ziyara a watan Maris, na tarar ya rubuta maganganun nan a ƙananan takardu ya manna a madubi. Ya rame a fuska. Na kai masa soyayyiyar tarwada, ya ci yanka biyu ya ture, yaron da ka san yadda yake yi da kwano. Ya ce mini, Inna, zagin baƙi ba ya damunsa, a intanet ma dubbai ne, amma wannan ɗan garinmu ne, ya san shi tun yana ƙarami. Ya ce ranar da ya gano shi, ko wane ne, ya gama gaishe shi har abada. Na san da gaske yake, don halin Lorene ne da shi, in ya rufe ƙofa ya rufe ke nan.

To, abin da ban gaya masa ba shi ne na riga na san Alfadarin ba nesa yake ba. A watan Fabrairu ya zo gida in auna shi, don ya ce kwat ɗin da zai sa ranar zaɓe ba wanda zai ɗinka sai ni. Bayan na gama, sai ya nuna mini yadda masu neman 'yan wasa suke awon hannu, daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Na auna sau uku, talatin da uku ba ƙiris, kashi ɗaya cikin takwas na inci ya rage. Na ja igiyar awon har ta kusa tsinkewa, ba ta ƙaru ba. Na rubuta a bayan wani ambulan na jefa a aljihun keken ɗinki. Juma'ar nan sai ga Alfadari ya faɗi lambar daidai, kwana goma kafin a yi awon hukuma. Tavian ya ɗauka daga wurin atisaye ta fita, ni kuwa na san daga ɗakina ne.

Allah ya yafe mini, maƙwabciyarmu Verdell na fara zargi, don ta zo kalmasa siket a makon, kuma ka san bakinta ba ya riƙe ruwa. Na yi sati biyu ina amsa gaisuwarta a daƙile. Sai wata Juma'a da safe na fita shanya, na hango Baba zaune a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya a bakin lambu, ba ta tafiya, rediyo a kunne, tabarau a kan hanci. Yana danna waya da yatsa ɗaya, yana fito da harshe kamar ɗan makaranta. Tavian ne da kansa ya koya masa tura saƙo da Kirsimeti, don su riƙa gaisawa. Ina tsaye da zanin gado a hannu na ji Cleotis yana cewa ga Alfadari ya iso. Rayford, sai da na zauna a kan bokiti.

Na buɗe motar na shiga na zauna kusa da shi. Ban yi faɗa ba, don mamaki ya fi fushin yawa, so nake kawai in ji yadda mutumin da ya saya wa yaro takalmin ƙwallonsa na farko ya koma mai ɓata shi. Bai musa ba. Ya ce in daina kallonsa kamar ya saci kuɗin baikon coci, shi ya san abin da yake yi. Ya zaro wata takarda daga aljihu, jerin ƙungiyoyi ne yadda za su zaɓa a zagaye na uku, ya rubuta da fensir. Ya ce duk masanan talabijin sun ajiye Tavian a Seattle, ita kuwa New Orleans sai ƙungiya goma sha biyu sun zaɓa bayan Seattle sannan layi ya zo kanta, kuma tana neman mai irin aikinsa. Wai shi abin da yake so kawai ya ɗan sauko da yaron 'yan matakala kaɗan, ba ya faɗo ƙasa ba. Na ce Baba, rediyon Cleotis da ko gadar kogi ba ya tsallakewa, shi manyan ƙungiyoyi za su saurara? Ya ce ke dai ɗinki kika sani, mutanen nan suna da kunne a ko'ina, magana kuwa in ta fita ba ta tambayar hanya.

Na kusa yin dariya, sai ya ci gaba. Ya ce tun yaron yana shekara shida bai taɓa buga wasa ba shi a wurin ba, ko ruwa ake ko rana. New Orleans awa uku ce a mota, ya je ya dawo ya kwana a gadonsa. Seattle kuwa sai jirgi, shi kuma shekararsa tamanin da ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Ya ce in suka ɗauke shi, to ya gama ganin wasan jikansa ke nan. Sannan ya kalli lambu ya ce ya riga ya ba arewa ɗa ɗaya, wanda ya ce shekara biyu zai yi, ga shi yau sha ɗaya, sau uku ya taka gidan nan. Ba don in sosa maka rai na rubuta wannan ba, ƙanena. Haka ya faɗa, kuma na ga ya kamata ka ji.

Sai na ba shi labarin madubin, da tarwadar da aka ture, da rantsuwar da Tavian ya yi. Ashe bai taɓa kawowa a ransa yaron yana sauraro ba, shi a lissafinsa manyan ƙungiyoyi na ji amma jikansa ba ya ji. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Na ce masa ko ya faɗa da bakinsa ko ni in faɗa, amma ba zan bar yaro ya shiga ranar zaɓe da wannan ƙaya a zuciya ba. Na sauka daga motar na koma wurin shanyata. Juma'ar da ta wuce Cleotis ya fara karanta saƙon Alfadari da dariyarsa, sai muryarsa ta sauya. Saƙon ya ce yaron nan ya fi duk wanda ya taɓa fitowa daga yankin nan, duk ƙungiyar da ta same shi ta yi dace, kusa take ko nesa, kuma duk abin da aka ji a baya tsoron tsoho ne. A ƙasa ya sa cikakken sunansa, Hosea Tubbs, kakan yaron.

Tavian ya zo ranar Lahadi bayan coci. Ya gaishe ni, ya wuce Baba a baranda ko kallo bai yi masa ba. Sai da ya ci abinci ya fita da takardun madubin a hannu, ya ja kujera, ya shiga karanta masa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsa wacce ce gaskiya wacce ce ƙarya. Ina jinsu ta tagar kicin. Baba yana cewa ƙarya, ƙarya, wannan ma ƙarya. Da aka zo kan ƙafar hagu sai ya ce wannan kam gaskiya ce, tun yana sakandare yake gaya masa. Sai na ji Tavian ya fashe da dariya, ya ce wannan tsoho ba ya tuba, kocinsa ma haka ya ce. Ba zan ce maka komai ya wuce ba, don ya gaya masa ya ji ciwo, kuma zai daɗe yana ji. Amma ya ce duk garin da aka kai shi akwai kujera ɗaya da sunan Kaka, zama a kanta kuma ya rage nasa.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce na gode da zaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Corliss da ƙaramin Hosea, wanda kakansa bai taɓa gani ba sai a hoto. Verdell tana gaishe ka, na kai mata kek na ba ta haƙuri, ko da yake har yanzu ba ta san laifin da na yi mata ba. Ku sa Tavian a addu'a mako mai zuwa.

Saura saƙo ɗaya, kuma shi ne dalilin takardar. Jiya Baba ya shigo ɗakin ɗinki ya miƙa hannuwa ya ce in auna shi, yana son riga mai kauri. Ina cikin awo ya ce in tambaye ka, a jirgin sama ina ne ya fi dacewa mutum ya zauna in ba ya son ganin ƙasa, kuma da gaske ne kunne yana toshewa. Ya ce ya duba taswira, in Seattle ce, daga can zuwa wurinka bai kai awa huɗu ba. Amsar nan kada ka aiko mini ita, Rayford. Ka kira shi da kanka, wayar tana aljihunsa.

Taka har kullum, yayarka,
Earline