Sabon Fiffiken Jirgin Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki? Mu nan sai godiya.

Jikin Baba dai ga shi nan. Mantuwar ƙaruwa take yi, yanzu zai ci abinci yanzu ya ce an bar shi da yunwa. Amma da ya shiga shagon kafintarsa sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ka san me ya zaƙulo? Ƙaramin jirginka mai rimot, wanda ya kife ta gefe ɗaya da ka rage masa gudu zai sauka, ka sha kuka har da majina. Sabon fiffike yake yi masa.

Har karatu ya zaunar da ni ya yi min, ni da ban san hawa ba balle sauka. Wai ba laifinka ba ne, shi ya yi tsohon fiffiken a miƙe sambal. In gudu ya ragu, ƙarshen fiffike ke fara sakin iska, sai jirgi ya wuntsila. Yanzu zai ɗan murɗa ƙarshen kowane ɓangare, bakin gaba ya kalli ƙasa kaɗan, don tsakiya ta riga ƙarshen sakin iska, jirgi ya sunkuyar da hanci kawai.

Ya ce ba mai tayar da shi sai kai. Don Allah ka zo tun yana gane mutane.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya yara? Na ji uzurinka na aiki, ban ce komai ba.

Baba ya gama fiffiken. Ɓangaren dama daidai, na hagu kuwa baibai ya murɗa shi, bakin yana kallon sama. Ni ma da ya koya wa na gani. Na shiga bayan ƙofa na yi kukana.

Jiya da safe ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ja tsaki, ya tambaya wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aika. Na ce ban sani ba. Sai ya miƙo min, ya kira ni baiwar Allah, ni da nake wanke masa kaya. Wallahi ya yi min ciwo, Yaya. Ya ce in adana wa yaronsa, yana hanya, shi zai gyara.

Sunanka kaɗai ya rage masa. Ka yi sauri.

Taka,
Auta